Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin Da Ya Kawo Boren Kobkitanda, Karma Da Satiru

 A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin ƙasarmu, don Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

A ƙarshen shekarar 1905 da farkon 1906 talakawa sun yi wa Nasara bore a wuri uku. Na farko Kobkitanda, wani ƙauye kudu da Doso, wajen Sambera. Na biyu Karma, a bakin kogin Kwara, wanda bai kai tafiyar kilomita 50 daga Yamai ba. Na uku Satiru, kusa da Sakkwato, a ƙasar da Ingilishi suka ci. Cikin wata huɗu aka yi faɗan aka gama. Amma ɓacin ran da ya kawo shi ya yi shekara bakwai yana taruwa. Wannan taruwa ita ce muke so mu duba tare, kamar yadda ake bin sawu har a kai inda dabba ta fito.

Yadda Nasara suka shigo

A 1898 sojan Faransi suka kafa bariki a Doso. A farkon 1899 wata babbar rundunarsu ta biyo kogi ta nufi gabas. Shugabanninta su biyu ne, Kyaftin Bule da Kyaftin Shanuwan. Rundunar ba ta taho da abincin da zai ishe ta ba. Duk garin da ta sauka sai ta kwashe hatsi da bisashe, ta kama maza su ɗauki kaya. Wanda ya yi gardama a kashe shi, garinsa a sa masa wuta. A Sansane Hausa an kashe mutane fiye da 100, har da mata da yara. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka ƙone Birnin Kwanni. A watan Yuli sojojinsu da kansu suka harbe shugabannin nan biyu a ƙasar Tasawa.

Mutanen biyu sun mutu, amma labarin abin da suka yi bai mutu ba. Ya bi kasuwa kasuwa, ya bi rijiya rijiya. Tun daga ranar talaka ya san irin baƙon da ya sauka.

A kudu kuma Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, jama'a masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na 1903. Ingilishi suka naɗa Attahiru na biyu a madadinsa.

Kayan da suka karya wuya

Faransi sun ci Damagaram a 1899, suka ajiye soja a can. Sojan nan suna bukatar harsashi da tufafi da abinci, kuma kayan daga bakin kogi suke fitowa. Tsakanin Yamai da Damagaram akwai kusan kilomita 900 a kan hanyar mota ta yau. A lokacin kuwa babu mota, sai kan mutum da bayan dabba.

Ga kuma wani abu da ya ƙara wahalar. A 1898 Faransa da Ingila sun zauna can ƙasarsu sun raba iyaka a kan takarda. Sun zana baka kewaye da Sakkwato, mai nisan kilomita 160, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Hanya mai ruwa da garuruwa ta faɗa cikin bakan. Dole ayarin Faransi ya bi ta arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi suke nesa da juna. Sai a 1904 ƙasashen biyu suka yarda su gyara iyakar.

Wa ya ɗauki nauyin wannan zane? Talaka. Kumandan zai aika wa sarki ya kawo raƙuma kaza, jakuna kaza, takarkari kaza, maza kaza. Sarki ya aika wa mai gari. Mai gari ya shiga gida gida. Dabbobi da yawa sun mutu a hanya saboda ƙishirwa. Magidanci yana barin gonarsa a tsakiyar damina ya tafi ɗaukar kaya. Kowane manomi ya san abin da ke samun gonar da ba a yi wa noman farko a kan lokaci ba.

Yunwa da lanho

Wajen 1901 zuwa 1903 yunwa ta faɗa ƙasar Zabarma. Zabarmawa suna kiranta Ize-nere, wato sayar da ƴaƴa. Sunan kaɗai ya isa ya gaya mana tsananinta. Mu ma mun san yunwa. Unguwar Lazare ta nan Yamai ta karɓi dubban mutane da farin 1973 da 1974 ya raba da dabbobinsu. Wanda ya ga wannan, ko ya ji daga bakin iyayensa, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A cikin waɗannan shekaru ne Nasara suka kafa lanho, wato harajin kai. Tun kafin zuwansu mutane suna ba da zakka, suna kai wa sarki gaisuwa bayan kaka. Zakka tana bin abin da gona ta bayar. In damina ta yi kyau a fitar da yawa, in ta ɓaci a fitar da kaɗan, in babu, babu. Lanho kuwa kawuna yake ƙirgawa, bai san rumbu ba. Da farko ana karɓar hatsi da bisashe da wuri. Daga baya aka matsa sai kuɗin Nasara. Mai neman tamma dole ya kai akuyarsa kasuwa a ranar da kowa ya kai tasa, ya sayar da ita a wulaƙance.

Abin da ya fi ciwo, ba wanda ya tambayi mai biya. Ba a yi shawara da shi a kan nawa zai biya ba. Ba a gaya masa abin da za a yi da kuɗin ba. In ya yi magana, kumandan yana da ikon kulle shi kwana 15 ba tare da alƙali ba. Ƴan sandan kumandan, waɗanda ake kira gardi, in sun sauka ƙauye sai an yanka musu kaji, an ba dawakinsu hatsi.

Sarakunan da aka ɗora

Nasara ba su da yawa. Ba za su iya shiga kowane ƙauye ba. Saboda haka suka nemi sarakunan da za su yi musu aiki, suka ƙara musu ƙarfi. A Doso, Zarmakoy Auta ya hau sarauta a 1902. Faransi suka sa garuruwa da yawa ƙarƙashinsa, har da waɗanda a dā ba sa bin Doso. Mutanen garuruwan nan suka wayi gari da iyayengiji biyu, Nasara da sarkin da ba su zaɓa ba, kuma kowanne yana da baki da ciki.

A dā in sarki ya matsa wa talakawa, suna da dabara. Dattawa su je su yi masa magana, ko jama'a su tashi su koma wani gari. Sarki yana tsoron garinsa ya watse. Da bindigar Nasara ta tsaya a bayansa, wannan tsoro ya ragu. Ƙofar kai kuka ta rufe. In aka toshe wa ruwa hanya, ai zai nemi wata.

Bayi da malamai

A zamanin akwai bauta a ƙasashenmu, wannan gaskiya ce da ba za mu ɓoye ba. Da yaƙe-yaƙen Nasara suka girgiza ƙasa, bayi da yawa suka gudu daga gidajen iyayengijinsu. Nasara suna cewa sun hana cinikin bayi, amma ba sa son su ɓata da manyan da ke tara musu haraji. Bawan da ya gudu ba shi da gona, ba shi da mai tsaya masa. Irin waɗannan mutane, tare da talakawan da lanho ya kora, su ne suka cika ƙauyuka irin su Kobkitanda da Satiru.

A can suka tarar da malamai masu wa'azi. Tun da daɗewa Musulmin ƙasashen nan suna jiran bayyanar Mahadi, wanda zai cika duniya da adalci. Da suka ga Sakkwato ta faɗi, ga yunwa, ga zalunci, mutane da yawa suka ce lokacin ya yi. A 1904 wani malamin Satiru, Malam Maikaho, ya ce shi ne Mahadi. Aka kama shi aka kai Sakkwato, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A Kobkitanda kuma akwai wani malami makaho, Alfa Saibu. Ya gaya wa mabiyansa kada su biya lanho, kada su bi umarnin Zarmakoy.

To, ga itace an tara: kisa, ɗaukar kaya, yunwa, lanho, sarautar dole, da mutanen da ba su da abin da za su yi hasara. Saura ƙyastu.

Ranar da tura ta kai bango

A watan Disamba na 1905 mutanen Alfa Saibu suka kashe gardi biyu da aka aiko daga Doso. A farkon Janairu na 1906 sojan Faransi da mahayan Zarmakoy suka auka wa Kobkitanda, suka ƙone ta. Alfa Saibu ya tsira, ya ƙetare iyaka.

Cikin watan nan na Janairu, Umaru sarkin Karma ya ɗaga tuta, ƙauyukan bakin kogi suka bi shi. Hankalin Nasaran Yamai ya tashi ƙwarai, suka nemi gudummawar soja daga wasu barikoki. Da gudummawa ta iso aka ci Karma. Umaru ya ja da baya zuwa Zarmaganda, aka kashe shi wajen Simiri a watan Maris.

Alfa Saibu kuwa ya isa Satiru, inda ake kiransa Ɗan Makaho. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 sojan Ingilishi a kan dawaki suka zo kama shugabannin garin. Mutanen Satiru suka fito da gatura da fartanya da baka. Suka kashe Turawa 3 da soja baƙar fata wajen 25, suka ƙwace babbar bindiga mai ruwa. Malam Isa ya samu rauni a wannan karo, ya rasu. Ranar 10 ga Maris wata runduna ta dawo, tare da mahayan sarakunan Sakkwato. An kashe mutane wajen 2,000. An kwashe mata da yara. An rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sāke gini ko noma a wurin. Ɗan Makaho aka yanke masa hukuncin kisa a Sakkwato.

Tsoro ya sa Nasara suka ƙara matsawa. A 1906 ɗin nan Faransi suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa, suka ce ya ƙulla musu makirci, suka kai shi Kodibuwa. A watan Afrilu Ingilishi suka yaƙi Haɗeja, suka kashe Sarki Muhammadu.

Yadda aka yi a Amurka

Irin wannan taruwar ɓacin rai ta faru a wata ƙasa mai nisa, bayan teku, shekara fiye da 130 kafin boren Karma. Mu duba ta don mu gwada.

A lokacin Amurka ba ƙasa ɗaya ba ce. Yankuna 13 ne ƙarƙashin sarkin Ingila. Ingila ta yi yaƙi da Faransa, ta ci nasara a 1763, amma bashi ya yi mata katutu. Majalisar Landan ta ce mutanen Amurka su taya ta biya. A 1765 ta sa doka cewa duk jarida da takardar kotu da takardar ciniki sai an sa musu tambur, wato kan sarki, an biya kuɗinsa. Mutanen suka ce ba su da wakili ko ɗaya a majalisar, saboda haka ba ta da ikon sa hannu a aljihunsu. Kun ji? Kukan manomin Karma ke nan, da wani harshe.

Suka daina sayen kayan Ingila. Ƴan kasuwar Landan suka ji a jikinsu, aka soke dokar a 1766. A 1767 aka sāke sa haraji a kan shayi da takarda da gilashi da fenti. Mata suka koma kaɗi da saƙa a gida don kada a sayi yadin Ingila. A 1768 aka kai soja birnin Boston. Ranar 5 ga Maris 1770 sojan suka yi harbi cikin taro, mutum 5 suka mutu. Ɗaya daga cikinsu, Kirisfas Atak, yana da jinin Afirka. Ranar 16 ga Disamba 1773 mutanen Boston suka hau jiragen ruwa da dare, suka zubar da akwatin shayi 342 a teku. Ingila ta rufe tashar jiragen garin a 1774. Wakilan yankuna suka taru a Filadalfiya. Ranar 19 ga Afrilu 1775 bindiga ta tashi a Lezintan. Ranar 4 ga Yuli 1776 suka ce sun fita daga mulkin Ingila, ita kuma ta amince a 1783.

Ku ƙirga: daga 1765 zuwa 1775 shekara 10 ke nan ana kai kuka. A kowace shekara akwai damar sulhu. Masu mulki sun ɗauka cewa in sun ƙara soja magana za ta mutu.

Me ya sa suka ci, mu aka ci mu?

Ba don sun fi kakanninmu zuciya ba. Mutumin da ya tari bindiga mai ruwa da fartanya ba a koya masa jarunta. Dalilan su ne waɗannan.

Na ɗaya, makami. Mutanen Amurka jikokin Turawa ne, suna da bindigogi irin na sojan Ingila, suna da jiragen ruwa da dukiya. Kuma daga 1778 Faransa ta shiga yaƙin tana taimakonsu.

Na biyu, haɗin kai. Yankunansu sun yi shawara tare kafin su tashi. A nan kuwa Kobkitanda ta tashi, aka murƙushe ta. Karma ta tashi, aka murƙushe ta. Sannan Satiru. Manyan sarakuna kuma, a Doso da Sakkwato, sun tsaya bayan Nasara, don suna ganin boren talakawa da bayi zai ci su ma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, takarda. A yankin Boston yawancin magidanta sun iya karatu. Suna da jaridu. Tun 1772 suka kafa ƙungiyoyi masu aikin rubuta wasiƙu daga gari zuwa gari. Abin da ya faru a wuri ɗaya, cikin ƴan makonni kowa ya karanta shi. A ƙasarmu akwai malamai masu rubutun Larabci da ajami, kuma sun aika wasiƙu. Amma talaka bai iya karantawa da kansa ba. Nasara kuwa suna da wayar tangaraho, suna kiran gudummawa daga nesa cikin ƴan kwanaki.

Sai dai kada mu ɗauka labarin Amurka duk fari ne. Masu neman ƴancin nan da yawansu suna riƙe da bayi baƙar fata, kuma ba a hana bauta a can ba sai 1865. Ƙasar da suke zaune a kai ma ƙwace ta aka yi daga mutanen da suka tarar. Wanda ya san zafin zalunci a jikinsa yana iya mantawa da wanda ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Abin da za mu riƙe

An ci Kobkitanda da Karma da Satiru, amma kukan da suka yi bai ɓace ba. A 1916 Kawusan ya tashi a Agadas. A 1946 aka soke aikin tilas da dokar kulle mutum ba shari'a a ƙasashen da Faransa ke mulki. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu mulkin kai.

Darasi na farko na masu riƙe da jama'a ne, tun daga mai gida da mai gari har zuwa sama. Shirun talaka ba yarda ba ne. Mai mulki ya riƙa sauraron kuka tun yana ƙarami, don rigakafi ya fi magani.

Darasi na biyu namu ne. Haraji ba laifi ba ne. Da shi ake gina rijiya da makaranta da gidan likita. Laifin yana wurin a karɓa ba a ba da takarda ba, ko a karɓa a ƙi faɗin inda aka kai. Kai da ka koyi karatu yanzu, in ka biya kuɗi ka karɓi takardarka. Ka duba sunanka, ka duba lambar kuɗin, ka duba shekara. Ka taya maƙwabcinka dubawa. In an yi taron gari, ka je, ka yi tambaya cikin ladabi. In akwai kuka, ku rubuta shi, ku sa hannu tare, ku kai inda ya dace. Kakanninmu ba su samu wannan hanya ba, shi ya sa suka ɗauki gatari, kuma mun ga jinin da aka zubar.

Darasi na uku, mu rubuta tarihinmu. Yawancin abin da aka ajiye a kan boren nan Nasara ne suka rubuta, da idonsu suka gani. A garuruwanmu akwai tsofaffi da suka ji labarin zuwan Nasara da aikin tilas daga bakin kakanninsu. Ku zauna da su da yamma, ku ɗauki littafi da alƙalami, ku rubuta yadda suka faɗa.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a ajinku na yaƙi da jahilci. Mene ne bambancin zakka da lanho a shekarar da damina ta ɓaci? Me ya sa garuruwan nan uku ba su tashi lokaci ɗaya ba? A garinku, in talaka yana da kuka, wace ƙofa yake bi?

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba shugabanni kunnen sauraro, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.